Ta Bakin Kaka

Ni 'yar fari ce a wurin ubana, kuma a garinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yaran yanzu in na faɗa musu sai su yi dariya. To, su yi. A lokacinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi. In kun haɗu a hanya sai ya kau da kai, kai kuma ka durƙusa har ya wuce. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna mutum. Namijin da aka gani yana wasa da ɗan farinsa, kafin yamma mata sun gama da shi a bakin rijiya.

Garinmu wani ɗan tudu ne a cikin fadama, tsakanin Hadejia da Guri. Da rani sai ka taka da ƙafarka ka je inda kake so. Da damina kuwa kogi ya cika ya zagaye mu, ba fita sai a jirgi. Zamanin Turawa ne, amma mu labarinsu kawai muke ji a bakin masu zuwa birni. Baba masunci ne, yana kuma ɗan taɓa noman shinkafa. Tun da aka yaye ni aka ɗauke ni daga ɗakin uwata aka kai ni wurin mahaifiyarsa, Kaka, can ƙuryar gida, kamar yadda aka saba yi da 'yar fari. Wurinta nake ci, wurinta nake kwana.

Aikin Kaka banda ne. Kifin da Baba ya kamo da safe ita ke gyarawa, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke, ta jera a kan ƙirare bisa murhu. Wutar banda ba ta son gaggawa. In ta yi harshe ta ƙona kifi, in ta mutu kifi ya lalace, don haka dole wani ya zauna a kanta. Bayan magariba, an ci tuwo an wanke hannu, sai yaran gidan mu taru a wurin, hayaƙi na kore mana sauro, idanunmu na ruwa, Kaka na juya kifi da hannu ɗaya. Ita ba ta fara tatsuniya yadda kowa yake farawa. Sai ta dubi duhu wajen kogi ta ce, "Ga wata can ta taso daga bakin ruwa." Mu kuma mu ce, "A ba ta hanya ta iso." In ta gama ta ce, "Nan ta nutse, ni dai ban bi ta ba."

Ƙananan ba su daɗewa, barci ke kwashe su ɗaya bayan ɗaya, iyayensu su zo su ɗauke. Daidai wannan lokaci Baba yake shigowa da komarsa ta kamun kifi a kafaɗa, wai ya zo gyara a hasken wuta. Komar nan ban taɓa ganin ta gyaru ba. Ya gaida Kaka, ya zauna ya ba ni gefen kafaɗa, ya soma ɗinki. Can sai ya yi gyaran murya.

"Iya, yau na ga abin mamaki a Hadejia."

"To, Allah ya ƙara maka gani," in ji Kaka.

"Majigi, Iya. Wata mota ce ta zo daga Kano. Suka kafa itace biyu a fili, suka ɗaura farin ƙyalle, aka tada inji. Sai ga mutane a jikin ƙyallen, suna tafiya, suna noma, har da jaki."

Ni kuwa cikina kamar zai fashe da tambaya, amma ba a yi wa uba magana kai tsaye. Sai na ja zanen Kaka. "Kaka, ce masa, mutanen na gaske ne?"

"Ka ji, wai na gaske ne?"

"Iya, a ce wa 'yar ɗakinki ni ma abin da ya dame ni ke nan. Na zagaya bayan ƙyallen in gani da idona. Ba kowa, sai wata akuya tana cin bawon rake."

"Kaka, ce masa, to in an naɗe ƙyallen ina suke kwana?"

"A ce mata cikin akwati. An jera su kamar banda a kwando."

Haka muka fara, haka kuma muka ɗore. Shi ya ce Iya, ni in ce Kaka, tsohuwa na tsakiya tana kai magana tana kawowa, tana ƙara nata gishirin. Ya ba mu labarin manoma biyu da aka nuna a majigi, ɗaya mai bin maganar malamin gona, ɗaya mai taurin kai wanda kullum sai ya faɗa rami. Mai bayani da lasifika yana ta yabon na farkon, amma Baba ya ce shi mai taurin kan ya fi so, don shi ya fi kama da mutanen garinmu. Ya tashi ya gwada mana yadda yake faɗuwa, koma ta naɗe masa ƙafa, ya faɗi da gaske. Kaka ta ce, "Allah ya shirye ka, gemu har ƙirji." Ni na cusa baki a zane don kada ya ga haƙorana.

Ba majigi kaɗai ba. Komai muna taɓawa. Me ya sa ruwan bana ya fi na bara ja. Wa ya fi iya iyo a garin. Ko Turawa suna cin tuwo. In Sallah ta gabato sai ya ce, "Iya, na ga wani zane a kasuwa mai zanen ganye, da wani mai ɗigo-ɗigo, ban san wanda mutanen ɗakin nan suka fi so ba." Ni kuma in ce wa bangon ɗaki mai ɗigon ya fi. Ran jajiberi sai ga shi a ƙarƙashin tabarmar Kaka, ba wanda ya san wanda ya ajiye.

Wata rana ya zo da wani ɗan littafin boko mai hotuna da aka ba shi a birni. Baba ya yi karatun allo, don haka ya buɗe shi ta dama, yadda ake buɗe littafin kirki. Ya bi hotunan yana ba mu labari: ga wani mutum ƙato lafiyayye, ya je asibiti aka yi masa allura, ya fito ya kwanta, ya rame, ƙudaje na binsa, daga ƙarshe ga shi a bakin kududdufi yana shan ruwa. Kaka ta ce dama ita ta san allurar nan ba alheri ba ce. Mun daɗe muna tausayin mutumin nan kafin wani ya gaya wa Baba cewa littafin Turawa ta hagu ake fara shi. Da ya dawo ya ce, "Iya, a yi wa 'yar ɗakinki albishir, mutuminmu ya warke. Ashe mu muka kwantar da shi."

A hankali Kaka ta gaji da aikin ɗan aike. Sai ta riƙa cewa "Ka ji" kawai, daga baya ta koma gyaɗa kai, daga baya ta koma gyangyaɗi. Mu dai ba mu fasa ba. Yana cewa Iya, ina cewa Kaka, ita kuwa tana minshari. Mun san tana barci. Ba wanda ya taɓa nunawa.

Ana haka Gwaggo ta zo Babbar Sallah. Ita ce yayar Baba, tana aure a Birniwa, doguwa, ba ta dariya sai da dalili. Allah bai ba ta 'ya mace ba. Ita ce kuma 'yar farin Kaka, don haka tun da ta sauka ban ji Kaka ta yi mata magana ba. In za a ba ta abinci sai Kaka ta ce, "A kai wa baƙuwar Birniwa." Gwaggo ta gaishe ta daga bakin ƙofa, Kaka ta amsa wa tukunya.

Kwana biyu da Sallah, da yamma, Kaka ta tashi ta shiga maƙwabta duba wata mai jego, ta ce in kula da wuta. Baba ya shigo da komarsa kamar kullum. Ya dubi tabarmar Kaka, ba kowa. Da ya juya ya fita, da shi ke nan. Amma ranar ya zo da labarin jirgin ƙasa da aka nuna a majigi, wanda ya taho kamar zai fito daga ƙyalle, mutane suka watse har wani mai tsire ya bar tsirensa. Labarin na cin sa. Sai ya zauna, ya fuskanci tabarmar, ya ce, "Iya, yau kam an yi gudu."

Ni ma na fuskanci tabarmar. "Kaka, ce masa, shi ma ya gudu?"

"A ce mata ni ban gudu ba. Takalmina ne suka yi gaba, na bi su in dawo da su."

Na tuntsire da dariya, shi ma ya sake baki yana yi, har yana dukan cinya. Ba mu ji shigowar kowa ba. Sai murya kawai muka ji daga bayanmu.

"Ina Iyar?"

Gwaggo ce, tsaye da buta a hannu, bayanta matan gidan biyu. Ta dubi tabarma, ta dubi Baba, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na ce ina Iyar da ake ba labari? Ko ita ma ta shiga ƙyallen ne?"

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban ƙara jin irin ta wannan rana ba. Ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Baba ya sunkuyar da kai, mutum mai iyali, yana laluben allurar komarsa a ƙasa alhali tana hannunsa. Ya tashi ya fita, komar na jan ƙasa. Kifin ranar ya ƙone, don ban iya ɗaga hannu na taɓa wutar ba.

Kafin gari ya waye magana ta zaga. Da na je ɗiban ruwa wata ta ce, "Ga ƙawar babanta nan." Wata ta ce a tambaye ni ko da sabon labari daga birni. Baba bai shigo ba ranar, a bakin kogi ya ci abinci. Gwaggo kuwa ta aika aka gaya masa ta yanke shawara: za ta tafi da ni Birniwa ta riƙe ni, tun kafin ya gama zubar da mutuncin gidan. Tana da iko. Yayarsa ce, ba ta da 'ya, kuma 'yar fari dama ta dangi ce. Hanya ɗaya ce a hana ta, Baba ya buɗe baki a gaban mutane ya ce yana son 'yarsa kusa da shi. Wannan kuwa ya fi abin da aka kama shi yana yi muni.

Ran da za a kwana a tafi, Kaka ta hura wutarta kamar kullum, ta sa aka kira kowa. Baba ya zo ya tsuguna nesa, ba koma. Gwaggo ta zauna a kan turmi a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a duhu. Kaka ba ta dubi kowa ba.

"Ga wata can ta taso daga bakin ruwa," ta ce.

Ƙananan suka ba ta hanya.

Ta ce wai an yi wata uwar zalɓe a cikin fadama, da 'ya'yanta a sheƙa. In ta kamo kifi sai ta sa wa ƙananan a baki, tana kiran kowa da sunansa. Babbar kuwa ba ta kallon ta, don kunya. Amma kullum, in ta kamo karfasar da ta fi kowace ƙiba, sai ta tashi sama can, ta daidaita kan babbar, ta saki kifin, ta wuce kamar ba ita ba. Babbar ta girma tana cewa, ni ba ni da uwa, sama ke ciyar da ni. Da fukafukanta suka yi ƙwari ta tashi ta koma wani tafki mai nisa. Can ma kifi bai daina faɗo mata ba, don uwar takan bi ta a ɓoye, ta yi tafiyar yini don ta saki kifi ɗaya. Sai wata shekara kifi ya daina faɗowa. Ta jira, ta jira. Wata agwagwar ruwa ta zo wucewa ta ce mata, ke ba ki ji ba, uwarki ta mutu tun farkon damina. Shi ya sa har yau in ka ga zalɓe, shi kaɗai za ka gan shi, tsaye cikin ruwa, ba ya kuka, ba ya motsi.

"Nan ta nutse," in ji Kaka, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ko ni da nake yarinya na gane ba mu aka yi wa tatsuniyar nan ba. Gwaggo ta ajiye faifai. Ta kira ni, amma idonta na kan wuta.

"Ke, tambayi kakarki. Ita uwar zalɓen, bakinta ciwo yake yi?"

Na juya. "Kaka, wai bakinta..."

"Ce mata kunya ce," in ji Kaka.

"Ce mata na ji," in ji Gwaggo. "Ce mata 'yar ta ƙoshi, ba ta ce ba ta ƙoshi ba. Ce mata kuma ita 'yar haka aka yi mata, ta haƙura, ba ta mutu ba. Ba a canja wa kowa ba a kanta, ba za a fara canjawa yau ba."

Ban kai saƙon ba, ba a kuma jira in kai ba. Kaka ta sa hannu tana juya kifin da ta riga ta juya.

Sai Gwaggo ta dube ni sosai. "Ba zan ɗauke ki kamar kaya ba. Ga ubanki nan zaune. Faɗi da bakinki: za ki bi ni, ko kin fi son zama wurinsa?"

Kowa ya san amsar da ke cikina, kowa kuma ya san ba ta faɗuwa. 'Ya ta ce a gaban jama'a ta fi son ubanta? Da na faɗa, da na ƙarasa shi. Na saci kallonsa ko zai ɗaga kai. Yana zane a ƙasa da tsinke.

Na ce, "Zan bi ki, Gwaggo."

Baba ya ce, "Taki ce, Yaya."

Aka ce madalla, yarinya mai kunya, ta gado. Har aka sa mini albarka.

Baba ne ya tuƙa mu da safe zuwa inda tudu ya fara. Yana tsaye a bayan jirgi da sandar tuƙi, ni ina gaba na ba shi baya, Gwaggo a tsakiya. Muka ratsa gonakin shinkafa da ruwa ya shanye. Da muka sauka ya ɗora wa Gwaggo kayanta, ya tsaya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

"Yaya," ya ce, "a ce mata can ba hayaƙin banda. Ta riƙa rufe ƙafa saboda sauro."

"Tana da kunne," in ji Gwaggo.

Gwaggo ba ta zalunce ni ba, kada wani ya ɗauka haka. Ta riƙe ni da kyau, ita ta koya mini duk abin da na iya, ita ta kai ni ɗakin miji da kayan da ba a raina ba. Nakan zo garinmu da Sallah. In durƙusa in gaida Baba, ya amsa wa bango, "Lafiya lau, an zo lafiya?" Shi ke nan. Kaka ta rasu ina Birniwa, ba wanda ya rage da za mu ce wa ya ce. Har Baba ya koma ga Allah ba mu ƙara hira ba.

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar zalɓe yabo ce. Na ɗauka Kaka cewa take yi, ga yadda uwa ta gari take, tana bayarwa ba ta nunawa. A kan haka na riƙi babban ɗana. Ban taɓa kiran sunansa ba, har yau ban kira ba, bakina ba zai iya ba. Sai da na tsufa na soma tuna yadda take juya kifin da ta riga ta juya a daren nan. Mai yabo ba ya yin haka. Roƙo take yi. Tana roƙon 'yarta ta yafe mata, tana kuma roƙon a bar mu, kuma duka biyun ba ta da bakin faɗa sai ta bakin tsuntsu. Mu huɗu muna zaune a wuta ɗaya, kowa ya san abin da ke cikin kowa, aka rasa mutum ɗaya da zai jure jin kunya na ɗan lokaci.

Yanzu a gidan babban nawa nake zaune, a Hadejia. Yana da 'yar fari, budurwa. Da yamma sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ƙwala mata kira da sunanta, gar da gar, su zauna kafaɗa da kafaɗa suna gardama a kan wani fim da suka gani ko wani littafin makaranta, tana ce masa, "Kai Baba, ba ka gane ba ne." Wallahi duk ran da na ji sai fuskata ta yi zafi. Ba na iya kallonsu. Abin da aka dasa mini ba ya fita.

Sai in ɗauki kujerata in koma zaure in zauna a bakin ƙofa. Duk wadda ta yi sallama a wannan lokaci, ni za ta tarar. In tambaye ta gida, in tambaye ta yara ɗaya bayan ɗaya, in tambaye ta ciwon ƙafar uwar mijinta. In ta ce za ta shiga, in ce masu gidan suna da uzuri, ta dawo gobe da hantsi. A unguwa ana cewa tsohuwar gidan nan ta cika tsanani, ba ta barin kowa ya wuce. Gaskiya ne, ba na bari. Sai na ji an naɗe tabarma nake tashi.